Farfaɗo da Tsohon Babur a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa suka koma kaɗe ƙurar baburan da suka jingine a zaure ko a bayan ɗaki, domin litar da mota za ta shanye kafin ta yi nisa tana iya kai babur kasuwa ta dawo da shi gida. A Kano akwai baburan da ke ajiye tun watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur. Tambayoyin da ke biye su ne aka fi yi mini tun da na tayar da wani tsohon Honda CG125 na yayana, wanda ya shekara huɗu a ƙarƙashin rumfa. Amsoshin sun shafi ƙananan babura masu kafireta, irin su CG125 da Bajaj Boxer da Jincheng da Suzuki AX100.

Kowane tsohon babur ne ya cancanci a kashe masa kuɗi?

A'a. Kafin ka sayi ko da fulogi ɗaya, fara duba takardu, ka tabbatar lambar da ke jikin injin da wadda ke jikin firam sun yi daidai da abin da ke rubuce a rasit. Idan an kankare lamba, ko mai sayarwa yana kame-kame kan takarda, ka haƙura da babur ɗin komai arharsa, domin babu gyaran da zai fitar da kai daga hannun hukuma ranar da aka ce na sata ne.

Sai ka duba firam. Tsaya a bayan babur ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, sannan ka bi wuyansa da ƙarƙashin tanki ka ga ko akwai tsagewa ko tabon tsohuwar walda. Firam da ya lanƙwashe a haɗari ba ya komawa daidai da guduma. Bayan haka ka danna kik da hannu a hankali. Idan ya sauka yana turjewa kaɗan, fiston yana motsi kuma akwai sauran matsi a cikin injin. Idan ya tafi salalam kamar babu komai a ciki, ko ya kafe ƙam, to akwai aiki babba a gabanka.

Abu na ƙarshe shi ne samuwar kayan gyara. CG125 ya yi sa'a a nan, domin kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi injinsa, har kayansa suka cika kasuwa. Honda ta fito da shi ne a tsakiyar shekarun 1970 musamman saboda ƙasashen da ake labta wa babur kaya fiye da kima kuma ba a cika yi masa juye a kan lokaci ba, shi ya sa aka yi masa injin mai sauƙin sha'ani da juriya. Babur ɗin da sai an aika Legas ko Nnewi kafin a samo masa gaskit zai fi zama a ajiye fiye da kan titi.

Waɗanne kayan aiki ne ba makawa sai na tanada?

Sifanu masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da manya guda biyu na notin taya, da sifanar fulogi, da sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da filaya, da guduma mai kan roba. Ka ƙara da ma'aunin tazara mai ganye-ganye na ƙarfe, wanda makanikai ke kira fila geji, da ƙaramar mita ta auna wuta. Akwai abubuwa biyu da ba a sayar da su a shagon kayan aiki amma sun fi yawancinsu amfani: kwalin ƙwai da za ka riƙa jera notuna a cikinsa bisa tsarin da ka kwance su, da wayarka, wadda za ka ɗauki hoton kowane sashe da ita kafin ka taɓa shi.

Ka yi aikin a fili mai iska, nesa da murhu da gawayi da janareto, kuma kada ka tayar da injin a cikin rufaffen ɗaki ko shago, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum ba tare da ya ankara ba. Kwanon fetur ko na kananzir kuwa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe, ba a barinsa a ƙasa ko na minti ɗaya.

Babur ya shekara biyu ko fiye a jingine. In zuba masa mai in buga kik?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Man da ke shafe jikin fiston ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, saboda haka idan injin ya tashi a bushe, ringi zai kankare bulok cikin 'yan daƙiƙoƙi. Cire fulogi, ka zuba kamar cokalin shayi ɗaya na baƙin mai ta ramin, ka bar shi ya kwana, washegari ka riƙa danna kik a hankali ba tare da ka mayar da fulogin ba, har ka ji yana tafiya sumul. Sannan ka juye tsohon baƙin mai da tsohon fetur gaba ɗaya.

Ka kuma leƙa wuraren da ƙwari da ɓeraye ke so. A babur ɗin yayana na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin akwatin matatar iska, ɓera kuma ya cinye rabin soson ya yi sheƙa da sauran, ya haɗa da gutsure wayoyi biyu a ƙarƙashin kujera. Da na buga kik a ranar farko, da duk wannan ƙasar ta shige cikin injin.

Injin na bukatar abu uku kafin ya tashi: wuta a fulogi, fetur gauraye da iska, da matsi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada. Don gwada wuta, ka sa fulogi a hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin injin, ka buga kik a inuwa. Ya kamata ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Yawancin baburan da ake cewa sun mutu, datti ne kawai ya shaƙe su, kuma ban ga dalilin buɗe cikin injin ba sai an kawar da shakku kan wuta da mai.

Cikin tanki ya yi tsatsa. Sai an sayi sabo?

Idan bai huje ba, ana iya ceto shi. Cire tankin, ka kwance famfon mai da ke ƙasansa, ka toshe ramin, ka zuba kananzir da ƙananan notuna cikin tafin hannu, ka yi ta girgizawa har tsatsar ta saki. Ka ƙirga notunan kafin ka zuba, ka sake ƙirgawa bayan ka zazzage. Wanke, ka shanya ya bushe sarai, sannan ka sa ƙaramar matatar mai a tiyon da ke zuwa kafireta, domin burbushin da ya rage zai ci gaba da fitowa na ɗan lokaci. Tankin da ya huje kuwa ba a yi masa walda a gida, saboda tururin fetur na zama a cikinsa ko bayan an juye shi, kuma shi ne ke fashewa.

Yaya ake wanke kafireta?

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ne haƙuri ke biya. Fetur da ya daɗe a ajiye yana ƙafewa ya bar wani danƙo mai ruwan ƙasa kamar ƙaro, wanda ke toshe ƙananan ramukan da mai ke bi. Rufe famfon mai, ka ciro kafiretar, ka ɗora ta a kan faranti mai tsabta, ka kwance kwanon da ke ƙasanta. Za ka ga fulot, wato abin da ke yawo a kan mai, da 'yar allurar da ke rufe ƙofar mai idan kwanon ya cika, da jet guda biyu na tagulla: babba na gudu, da ƙarami siriri na silo.

Ƙaramin nan shi ne uban matsala. Raminsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba, kuma da ya toshe babur zai ƙi tsayawa a silo, ko ya ƙi tashi sai da cok, ko ya mutu da zarar ka saki totur. Jiƙa shi a cikin fetur mai tsabta ko maganin wanke kafireta, ka hura masa iska da famfon keke, sannan ka ɗaga shi saitin rana ka leƙa. Idan ka ga ɗigon haske zagayayye, ya buɗe. Idan bai buɗe ba, ka zaro silin waya guda ɗaya daga cikin tsohuwar wayar wuta mai laushi ka zura a hankali. Kada ka yi amfani da allura ko ƙusa, domin ƙarfe ya fi tagulla tauri, zai faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai har abada, ka yi gyaran gangar Auzinawa.

Kafin ka kwance sukurun iska da ke gefe, ka fara murza shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ka rubuta adadin, domin ka mayar da shi yadda ka same shi. A yawancin ƙananan babura adadin na faɗawa tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Idan bayan ka haɗa komai mai na ɗiga ta tiyon ƙasa, allurar fulot ce ba ta rufewa, ko dai datti ya maƙale mata ko bakinta ya cinye.

Matatar iska fa, tana da muhimmanci haka?

A ƙasar da ake hunturu, ita ce mai gadin injin. Ƙurar da ta wuce ta tana gauraya da mai ta zama kamar samfefa a tsakanin ringi da bulok. Idan ta soso ce, a wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a cuɗa har ya game ta. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, sai dai a kaɗe ko a sauya. Masu cire ta gaba ɗaya don wai babur ya fi jan wuta suna sayen gudun wata uku ne da kuɗin sabon bulok.

Wane baƙin mai ya dace, kuma yaushe ake juye?

A zafi irin namu an fi amfani da 20W-50. Abin lura shi ne kulocin waɗannan babura yana iyo ne a cikin man injin, don haka ka nemi gorar da aka rubuta wa JASO MA, alamar cewa man ba zai sa kuloci santsi ba. Wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin rage gogayya da ke sa giya ta shiga amma babur ya ƙi ja. Man da ake aunawa daga jarka a bakin titi ban yarda da shi ba, tunda ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba.

Injin irin CG125 na ɗaukar kusan lita ɗaya. Tsohon injin da ke aiki cikin ƙura, ni dai ba na barinsa ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500 ba tare da juye ba. Ka juye shi da ɗuminsa don datti ya biyo shi, ka wanke 'yar rariyar da ke bayan babban murfin juye, ka auna sabon man babur na tsaye cak, ba a jingine a kan ƙafar gefe ba.

Wajen ɗaure notin juye ne na taɓa yin ɓarna. Na ga kamar bai ɗauru ba, na ƙara masa ƙarfi da ƙafa, sai na ji ya yi laushi a hannuna: zaren da ke jikin injin, wanda na alminiyam ne, ya cinye. Aikin minti goma ya koma tura babur zuwa wajen mai injin sassaƙa ƙarfe a tsakar rana. Ka fara murza kowane noti da yatsu har ya zauna, sannan sifana ta ƙarasa da ɗan ƙarfi kaɗan.

Nawa Jincheng ne mai hayaƙi. Dokar ɗaya ce?

Ba ɗaya ba ce. Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi injin mai bugu biyu gare su, wato suna ƙona mai tare da fetur, kuma ba su da bawul balle tafet, wato hannuwan da ke danna bawul. Asalinsu suna da ƙaramin tanki na man 2T da famfon da ke aika shi cikin injin. Idan famfon na aiki, ka tabbatar tankin bai taɓa ƙafewa ba kuma babu kumfar iska a tiyonsa. Idan an riga an cire shi, kamar yadda ake yi wa da yawa, dole ka riƙa gauraya man da fetur da kanka, kimanin mililita 20 zuwa 25 a kowace lita, kuma gara ka auna da sirinji da ka yi ƙiyasi da ido. Man giyarsu daban yake, shi ma ana juye shi. Salansarsu kuma tana tara baƙin gawayi har ta shaƙe, babur ya rasa ƙarfi a hawa, don haka a zare bututun cikinta a kankare.

Me launin fulogi da na hayaƙi ke nunawa?

Bakin fulogi mai ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi busasshe mai toka yana nufin fetur ya yi yawa a kan iska, ko matatar iska ta toshe, ko an manta cok a ɗage. Fari tas yana nufin fetur ya yi kaɗan, injin yana zafi fiye da kima, kuma wannan ya fi na farkon haɗari. Baƙi mai maiƙo a injin mai bugu huɗu irin na CG125, tare da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, yana nuna baƙin mai na haurowa ɗakin wuta. Idan hayaƙin na fitowa ne da safe kawai sannan ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul. Idan kuwa yana ƙaruwa duk lokacin da ka murza totur, ringi ne ya gaji. Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Zan iya saita tafet da kaina?

Za ka iya, muddin injin ya yi sanyi ƙalau, wato ya kwana bai tashi ba. Buɗe murfin sama da ƙaramin murfin da ke gefen hagu, ka juya injin har alamar T ta yi daidai da tsagar da ke jikin murfi, a lokacin da bawul biyun duk suke rufe kuma hannuwan da ke danna su suna ɗan motsi idan ka taɓa. Zura ganyen ma'auni a tsakani, ka saita har ya riƙa wucewa da ɗan ja. A CG125 tazarar milimita 0.08 ce, sauran kuwa ka nemi adadin da kamfanin ya ba da, kada ka ara daga wani babur. Mutane na son a matse tafet don injin ya yi shiru, alhali 'yar ƙarar tik-tik ba ta kashe injin. Bawul da aka matse ne ke ƙonewa, babur ya riƙa wahalar tashi idan ya yi zafi.

Sarƙa tana ƙara tana tsalle. Ita kaɗai zan sauya?

Duba haƙoran sifoket. Idan sun yi tsini ko sun karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya, to sarƙa da sifoket biyun duk tare za a sauya su, domin tsohon haƙori na cinye sabuwar sarƙa cikin makonni. Sassaucin da ya dace a tsakiyar sarƙa shi ne milimita 20 zuwa 30, kuma a juya taya a auna a wurin da ta fi tsauri. A ɗaure notunan ja na dama da hagu daidai wa daida don taya ta tsaya a miƙe. Maƙullin sarƙa kuwa, rufaffen bakinsa ne ke fuskantar inda sarƙar ke tafiya.

Tayoyin ba su cinye ba. Me zai sa in sauya su?

Roba na tsufa ko ba a hau ta ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko gefenta ya tsattsage kamar kaushin ƙafa, ta taurare, kuma ranar da aka yi yayyafi a kan kwalta za ka gane haka. Ka sauya ta tare da tif ɗinta.

Ka kuma buɗe birkin gaba da na baya ko da suna kamawa, domin fatar birki da ta daɗe a ajiye tana iya ɓallewa daga jikin ƙarfenta ta cije taya ana tsakiyar gudu. Goge ƙurar da tsumma mai laima maimakon hurawa da baki, kada giris ya taɓa fatar, sannan ka ɗiga mai a kebur ɗin birki da na kuloci, ka sauya duk wanda silinsa ya fara tsinkewa. Ɗaga taya ka girgiza ta gefe da gefe don jin ko boris ya ci, ka bi sifok da sifana kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya saki muryarsa daban take. Duk wanda kuɗinsa bai isa komai ba, birki da taya ne farko, fenti da sitika su jira.

Batir yana mutuwa duk bayan kwana biyu. Ina matsalar?

Auna shi da mita. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 idan injin na kashe, kuma idan an tayar an ɗan murza totur ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai hau ba, kwayil ne ko rektifaya, ko kuma wayar da ke haɗe da jikin firam ta yi tsatsa, wadda gogewa da samfefa kawai take bukata. Wajen cire batir a fara kwance baƙar waya, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Fiyus da ya ƙone a sauya shi da mai lamba irin tasa. Naɗa masa takardar sigari ko waya shi ne ke sa babur ya kama da wuta.

Ta yaya zan kauce wa kayan jabu?

Da wuya a kauce musu ɗari bisa ɗari, amma ana rage haɗarin. Ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu ka gwada su kafaɗa da kafaɗa, ka ji nauyinsu, ka duba tsabtar zaren noti da rubutun kwali. Na taɓa sayen fulogi a rabin kuɗi a wani shago, bai cika mako biyu ba farin jikinsa ya tsage, ya bar ni a hanyar ƙauye da magariba. Araha ba ta ado. A kayan da ba sa cinyewa, kamar murfin injin ko maƙallin fitila, tsohon na asali daga wajen masu gwanjo sau da yawa ya fi sabon kwaikwayo. Ringi da boris da gaskit da fatar birki kuwa sababbi ake saye.

A ina ya kamata aikin gida ya tsaya?

Ya tsaya a inda ake bukatar injin da ba ka da shi. Raba cikin injin biyu, da sauya kwanrod, da miƙe ƙahon gaba da ya lanƙwashe, da sassaƙa bulok don ya ɗauki fiston mai girma, duk aikin masu sana'a ne. Fiston na ƙari yana zuwa mataki-mataki, milimita 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00, kuma ana kai shi tare da bulok ɗin ne don a sassaƙa daidai da shi. Abin da za ka iya yi shi ne ka kwance sama da kanka, ka kai, ka tsaya a kan aikin, ka dawo ka haɗa da sabon gaskit, kana ɗaure notunan kan injin a gicciye kaɗan-kaɗan.

Bayan sabon ringi ko fiston, kilomita 500 na farko na lallaɓawa ne: ban da goyon buhu, ban da murza totur har ƙarshe, ban da barin injin yana ta aiki a tsaye cikin rana. Daga nan ka juye baƙin mai, ka duba cikin kwanon da ka tara shi; ɗan ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe a juyen farko ba abin tsoro ba ne, amma idan ka sake ganinsa a na biyu, ka mayar da babur ɗin wajen wanda ya sassaƙa bulok kafin ka ƙara hawa.